Kifin da Hamissou Yake Mayarwa Ruwa

Idan ka hau abra da yamma, wato ɗan jirgin katakon nan da ke tsallakar da mutane daga Bur Dubai zuwa Deira, ka ga wani dogon mutum ya zauna can baki ya ba gine-gine baya yana kallon ruwa, mai yiwuwa Hamissou ne. Sauran fasinjoji suna ɗaga waya suna ɗaukar hoto, shi kuwa idonsa na ƙasa. A haka na fara ganinsa, tun kafin mu zama maƙwabta a bene ɗaya.

Mutumin Gaya ne, ta Nijar, a bakin kogin Kwara. Gidansu Sarkawa ne, su suka gada kaka da kakanni. Ya yi lakwal, wato boko, har ya iya Faransanci, amma tun kafin ya riƙe alƙalami hannunsa ya san jifan birgi. Da kifi ya yi ƙaranci, 'yan'uwa suka yi wa kwale-kwale ɗaya yawa, sai wani ɗan'uwansu mai harkar kago, wato aika kaya ƙasa-ƙasa, ya nemo masa hanyar Dubai. Ya bar matarsa Haoua da yara a gidan mahaifinsa, ya taho.

Kamfanin da ke riƙe da bizarsa irin masu tura ma'aikata duk inda ake bukata ne. Shi sai aka tura shi wani sito a Ras Al Khor, inda ake jibge kayan mota: ƙofofi, fitilu, tsofaffin injuna. Ya yi shekara da shekaru a wurin. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Abin da kawai ya taɓa faɗa mini shi ne, idan iska ta juyo da rana, yana jiyo warin teku daga cikin siton.

Kusa da siton akwai wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, inda ake duba lafiyar kifi. Direbansu Mutaru ne, ɗan zangon Kumasi, gajere mai tumbi, wanda ba ya iya cin abinci bakinsa a rufe da zance. Wata rana da azahar ya tarar da Hamissou a bayan sito yana gyara wani kifi da 'yar wuƙa. Ya tsaya yana kallo har aka gama, abin da bai ɗauki lokaci ba.

"Kai, ɗan Faransa," in ji Mutaru, "wannan hannun me yake yi a cikin ƙarafa?"

"Yana neman abinci."

"Yoo. Wanke shi ka biyo ni. Madam tana neman mutumin ruwa."

Madam ɗin ita ce Dakta Khairunnisa, mutuniyar Malesiya, likitar kifi. Kafin ta zo nan ta daɗe tana aiki a Norway, ƙasar sanyi, a kan kifin salmon. A can ana kiwon salmon a cikin manyan kejina na raga a teku, kuma salmon na Allah, wanda ba mai shi, yana ratsawa ta kusa da kejinan in zai hau kogi. Aikinta shi ne ta riƙa duba na Allah ɗin, ta ga ko ƙwayar bairos ta tsallaka daga na keji zuwa gare su, ko daga gare su zuwa na keji. A Dubai babu salmon a teku, ruwan ya yi masa zafi. Wanda ake kiwo yana cikin tankunan da ake sanyaya wa ruwa, a ƙarƙashin rufi. Amma akwai wata gona da ke kiwon wasu kifayen a kejina cikin teku, kuma kifin Allah yana taruwa a ƙarƙashinsu yana cin abincin da ya zube. Tambayar dai ita ce irin ta can Norway. Gonar ta ba ɗakin gwajin aikin sa ido.

Cutar da suke tsoro tana kama ƙwaƙwalwa da ido. Saboda haka abin da ake so shi ne mutum ya fita teku, ya ɗaga tarkunan waya da aka nutsar kusa da kejinan, masu kama da gura, ya kawo kifi, a cire ɗan yanki na ƙwaƙwalwa da ido a sa a ƙananan kwalabe cikin ƙanƙara. Sauran naman a ƙone. Dakta ba ta jin Faransanci, Hamissou ba ya jin Turanci sai kaɗan, don haka Mutaru ne tafinta. Ta ce ya riƙa kawo mata kifi daga tarkunan nan, gwargwadon abin da kula, akwatin ƙanƙara, za ta ɗauka. Ya ce dakor, wato ya yarda, aka shirya da kamfaninsa. Ta nuna masa yadda ake buɗe kai, da yadda ake canja safar hannu da wuƙa tsakanin kifi da kifi. Bai bari ta nuna sau biyu ba.

Ranar da ya fara fita, na ji shi ya dawo yana hawa bene yana wata 'yar waƙa can ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin muryarsa a waƙa ba kafin ranar.

Haka aka yi ta tafiya tun daga lokacin sanyi. Bayan asuba Mutaru ya kai shi bakin ruwa, ya shiga jirgin gona wanda wani Babangale mai suna Sharfuddeen yake tuƙawa, su ɗaga tarkuna, ya cika kula, kafin rana ta yi zafi sun dawo. Sakamako kullum ɗaya: babu cuta. Dakta ta ji daɗi, masu gona suka ji daɗi. Hamissou ya yi haske, wuyansa ya cika. Da yake ranar Juma'a a ɗakina ake haɗuwa cin abinci bayan masallaci, ni da shi da Mutaru, ina ganin yadda yake ƙara loma.

Sai zafi ya shigo. Ruwan teku ya ɗumama, kifin keji ya fara mutuwa. Aka gwada na kejin, aka samu cutar. Masu nutso na gonar suka ce ai sun jima suna ganin wasu kifayen Allah suna juyi a gefen raga. Amma na cikin kular Hamissou, har a makon, lafiya ƙalau.

Wata Juma'a Mutaru ya zo bai yi surutu ba. Ya ci shinkafa rabi, ya ajiye cokali.

"Baba," ya ce da ni, "akwai magana, kuma gara a gabanka in faɗe ta."

"Muna ji."

Ya juya ga Hamissou. "Sarkin ruwa, Madam ta jera hotunan kifin da kake kawowa, tun na farko. Ta ce duk kyawawa ne, masu ƙiba, ido garau, kamar waɗanda ake jerawa a tebur don mai saye. Ta ce teku ba ya ba da kifi haka."

"To?"

"To tana zargin kai da Sharfuddeen ba kwa zuwa wajen tarkunan. Wai ko a kasuwar kifi ta Deira kake saye."

Hamissou ya dube shi, ya dube ni. Ya tashi ya je ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa. Da ya dawo bai zauna ba.

"Ni?" ya ce. "Ɗan Basarke ya sayi kifi a kasuwa?"

"Ni dai saƙo na kawo, habibi. Ta ce in ba a gano bakin abin ba, za ta gaya wa kamfaninku su turo wani. Ka koma sito, khalas, shi ke nan."

Ban san wanne ya fi yi masa ciwo ba, a ce ya yi ha'inci, ko a ce ya sayi kifi. Amma da aka ambaci sito na ga ya dafa bango.

Na ce masa, "Hamissou, jirgin nan mutum nawa yake ɗauka?"

"Yana ɗaukar mutane, Baba."

"To."

Ya gane. Ya ce Mutaru ya gaya wa Madam ta zo ta gani da idonta. Mutaru ya ce zai faɗa, yana murna zai huta da zancen. Bai tuna cewa in Madam ta shiga jirgi, tafinta ma sai ya shiga ba.

Abin da ya faru a teku daga bakinsu biyu na ji, kuma inda suka saɓa na ɗauki na Hamissou, don Mutaru rabin tafiyar a kwance ya yi ta. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa hawa ruwan da ya wuce na abra ba. Suna barin gaɓa cikinsa ya juya. Ya rungume bokiti yana kiran sunayen Allah, yana haɗawa da Tuwi, yaren mutanen Kumasi. Dakta kuwa ta tsaya daram a gaban jirgi, ta ɗaure ɗankwalinta tamau, kamar a tsakar ɗakinta.

"Ɗan Kumasi," in ji Hamissou, "ka riƙe mana kaɗan a ciki, kada kifi ya ƙoshi ya ƙi shiga tarko."

"Allah ya isa tsakanina da kai, ɗan Faransa."

Suka isa kejinan. Sharfuddeen ya rage inji, Hamissou ya kamo igiyar tarko na farko ya jawo. Dakta ta ga igiyar ta yi gansakuka daidai inda hannu ba ya taɓawa, ta goge inda hannu ke kamawa. Ta ga bai nemi wurin ba, kai tsaye ya nufa. Fuskarta ta ɗan saki.

Ya zazzage tarkon a babban kwando. Kifi ya yi ta tsalle, hamur da sha'ari da wasu ƙanana. Ya tsuguna ya sa hannu. Ya ɗauko wani mai ƙiba, ya duba idonsa, ya sa a kula. Ya ɗauko na biyu, ya sa. Na uku ya yi duhu, jikinsa ya lanƙwashe, ido ɗaya ya yi fari. Hamissou ya yi bisimilla ya sake shi a ruwa. Kifin ya yi ta juyi a saman ruwa kamar mai neman wutsiyarsa. Ya ɗauko wani ramamme, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Dakta ta yi wata ƙara da ta sa Sharfuddeen ya kashe inji.

Mutaru ya ɗago kai daga bokiti. "Ta ce me kake yi?"

"Ina zaɓa."

"Ta ce kullum haka kake yi?"

"Kullum. Ka tambayi Sharfuddeen."

"Ta ce don me?"

Hamissou ya yi mamakin tambayar. Ya goge hannu a wando, ya yi bayani a hankali, yadda ake yi wa baƙo. Ya ce a gidansu, idan jirage suka dawo, mahaifinsu yakan sa a zube kamun a kan tabarma. Kafin a sayar da ko ɗaya, tsohon zai zaɓi mafi kyau, ya aika wa babban gida, ko malamin unguwa, ko baƙon da ya sauka. Kifin da ke juyi, ko mai miki, ko mai farin ido, ba ya ma hawa tabarmar. Ya ce yana yaro ya taɓa kai wa kawunsa wata karfasa mai ɗan rauni a gefe, har yau yana tuna kallon da mahaifinsa ya yi masa.

"Ka gaya mata," ya ce, "ina cikin ƙarafa ta mayar da ni ruwa. Ita ce babba a wurin nan. Sai in ɗauki kifi mai ido ɗaya in kai mata? Da wace fuska?"

Mutaru ya tattara ƙarfinsa ya juya maganar da Turanci. Daga baya ya rantse mini bai rage komai ba, sai dai ya ƙara da cewa, "Madam, a taƙaice, don girmamawa ya ɓata miki aikin watanni."

Dakta ta zauna a kan kula. Ta daɗe tana kallon kifin nan biyu da ke juyi a gefen jirgi. Hamissou ya ce a lokacin ya fara jin cewa akwai abin da ba daidai ba, amma bai san mene ne ba.

Can ta yi magana, Mutaru yana juyawa.

"Ta ce a Gaya akwai asibiti?"

"Akwai."

"Ta ce in ciwo ya shiga gidanku, wa kuke kai wa likita? Ku zaɓi mai ƙiban cikinku ku kai, ku bar mai zazzaɓi a ɗaki?"

Hamissou ya dubi kular da take zaune a kai, ya dubi ruwa.

"Mon Dieu," ya ce.

"Wannan ba sai na fassara ba," in ji Mutaru, ya koma wa bokitinsa.

Bai jira an ce masa ba. Ya ɗauki koma, ya miƙe daga bakin jirgi, ya kwaso kifin nan biyu kafin igiyar ruwa ta tafi da su. Ya tsaya riƙe da su, ya kasa miƙa mata. Sai da ta miƙo hannu biyu da kanta ta karɓa.

A hanyar dawowa ta ce laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. A Norway duk wanda ke fita da jirgi an horar da shi tun kafin ta zo, har ta manta cewa abu ne da ake faɗa. Ta koya masa buɗe kan kifi, ba ta koya masa wanda zai ɗauka ba, kuma ba ta taɓa biyo shi ba. Ta ba shi haƙuri a kan zancen kasuwa. Sannan ta kafa masa ƙa'ida: in an zazzage tarko, duk wanda hannu ya fara taɓawa shi ne, babu dubawa, babu mayarwa, har kula ta cika. Duk wanda kuma ya ga yana juyi ko ya yi duhu, ya sa shi a wata kular dabam. Kada ko ɗaya ya koma ruwa.

Gwajin ya nuna cutar a jikin kifin nan biyu, da wasu daga cikin waɗanda aka ɗauka ba zaɓe. Dakta ta je ta gaya wa masu gona yadda aka yi, ba ta ɓoye ba. Mutaru da ya jira ta a mota ya ce ta fito fuskarta ba daɗi. Da an gano da wuri, da an rage cunkoso a kejinan kafin zafi, an dakatar da zuba sababbin 'ya'yan kifi, da asarar ba ta kai yadda ta kai ba. Hamissou ya san haka. Kwanaki bai yi waƙa a bene ba.

A kwanakin nan yana jiran kamfani su kira shi. Ya fito da tsofaffin takalmansa na sito ya goge, ya ajiye a bakin ƙofa. Na gan su ina wucewa.

Ranar da Mutaru ya zo ɗaukarsa bayan asuba, ya gan shi da takalman a ƙafa.

"Ina za ka da waɗannan?"

"Inda aka tura ni."

"Cire su, yalla, yi sauri. Madam ta ce ta sha wahala ta koya wa mutum ɗaya, ba za ta sake da wani ba. Ta ce wanda zai iya gane marar lafiya cikin kwando ya jefar, zai iya gane shi ya kawo. Amma ta ce in gaya maka, in ka sake girmama ta, ka tafi."

"Kai ma za ka biyo mu?"

"Ni? Ko ƙasar nan za a ba ni."

Da ya ba Haoua labari a waya, ina jiyo dariyarta daga ɗakina. Ya ce ta ce masa, "Ashe har Dubai da hannun Babanka ka tafi." Ta ce kada ya gaya wa tsohon, don zai ce likitar ce ba ta san abin da ya kamata ba.

Shekaru sun ɗan tura tun lokacin. Hamissou yana nan a ruwa. Yanzu shi yake cire ƙwaƙwalwa da ido tun a cikin jirgi, ya jera kwalabe a ƙanƙara, kuma Turancinsa ya kai ya yi gardama da Dakta ba tare da Mutaru ba, abin da Mutaru bai yafe ba. Bara, tun zafi bai kankama ba, kular marasa lafiya ta fara nauyi. Aka gwada, aka sanar da gona da wuri, suka yi abin da ya kamata. Wannan karon Dakta ta fito daga wurinsu tana taɗi.

Wani lokacin, in sun yi nisa da kejinan a hanyar dawowa, yakan roƙi Sharfuddeen ya tsaya shwaiya, ɗan kaɗan, shi ya jefa ƙugiya. In Allah ya ba shi hamur mai kyau, yakan naɗe shi dabam, nesa da kayan gwaji, ya kai wa Dakta. Da farko ta ƙi. Da ta ga fuskarsa ta karɓa, ta ɗaga kifin ta duba idonsa, ta ce wannan ba shi da aiki a wurin likita, sai a kicin. In ranar Juma'a ta kusa, kifin yakan ɓace hanya ya hawo bene zuwa ɗakina. Ni dai ban taɓa tambayar dalili ba.

Na taɓa tambayarsa ko hannun ya daina zaɓe. Ya yi murmushi, ya ce hannun ba shi da laifi, ido ne. Ya gwada ya gwada, muddin yana kallon kwandon, sai yatsunsa su zame su nufi mai ƙiba. Don haka ya samo dabara. In ya zazzage tarko, sai ya tsuguna, ya sa hannu a kwando, ya juya fuskarsa can wajen gari, inda dogayen benaye ke tsaye cikin hazo. Abin da hannu ya taɓa, shi ne.

"Baba," ya ce, "ashe garin nan yana da kyau. Sai yanzu nake ganinsa."